Kyamara mai araha a ƙirjin mahayi

Kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakin mutane, kowane ɗan dunƙulen miya kuma ya zama Maggi, haka duk wata ƙaramar kyamara da ake ɗaurawa a goshi ko a ƙirji ko a kan babur ta zama GoPro. Sunan wani kamfani ne na Amurka, wanda Nick Woodman ya kafa a 2002 saboda sha'awar ɗaukar hoton masu hawan igiyar ruwa daga cikin teku. Kyamararsa ta farko, wadda ta fito a 2004, ta fim ce irin ta dā, ana ɗaura ta a wuyan hannu kamar agogo. Bayan shekara goma sai masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin suka cika duniya da makamantanta. SJCAM ta fitar da SJ4000 a 2014, Akaso da ire-irenta suka biyo baya, daga bisani manya irin su DJI da Insta360 suka shigo suna gogayya da ita GoPro ɗin kanta. A 2024 sabuwar babbar GoPro ta kai kusan dala 400, ga kuma waɗanda ba su kai dala 100 ba, dukkansu siffa ɗaya, dukkansu an rubuta 4K da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Tun da aka bar kasuwa ta yanke wa Naira daraja a Yunin 2023, tazarar da ke tsakanin waɗannan farashi biyu ta fi albashin wata ga ma'aikata da yawa.

Wani akanta da ke aiki a Kaduna, ɗan asalin birnin Zariya, ya sami kansa a gaban wannan tazara ana saura mako uku sallah. Mahaifinsa ya haura saba'in, ya shafe fiye da shekara arba'in yana hawa a tawagar wani hakimi, kuma a farkon azumi ya shaida wa 'ya'yansa cewa gwiwa ta gaza, bana ne hawansa na ƙarshe. Gidan yana da hotunan tsohon a kan doki, amma duk daga gefen hanya aka ɗauke su, ta tsakanin kawunan 'yan kallo. Akantan yana son a ga hawan yadda mahayi yake ganinsa, daga kan sirdi, da kunnuwan doki a ƙasan hoto da rawanin tsohon a gaba. Ƙaninsa zai hau a bayan mahaifin, saboda haka ƙirjin da za a ɗaura wa kyamarar ya samu. Kuɗin da ya iya warewa kuwa, bayan ɗinkin yara da cefanen sallah, bai kai rabin farashin sabuwar GoPro ba. Hawa kuma ba a maimaita shi. In kyamara ta ɗauke a tsakiyar tafiya, babu wanda zai ce wa dawaki su koma baya.

Tambayar da ya fara yi wa kansa ita ce ko yana ma buƙatar irin wannan kyamara, kuma ita ce tambayar da masu saye suka fi tsallakewa. Madubin kyamarar maƙalawa mai faɗin gani ne ƙwarai, an yi shi don ya kwaso duk abin da ke gaban mai ita ba tare da an saita ba. Faɗin ganin yana da ladansa da kuma harajinsa: abin da ke kusa yana fitowa ƙato, abin da ya yi nisan taku ashirin kuwa sai ya koma kamar tururuwa, kuma babu hanyar jawo shi kusa sai dai a yanka hoton a rasa tsabtarsa. Wanda zai tsaya a gefen hanya ya ɗauki masu hawa, ko ya ɗauki ɗaurin aure a cikin zaure, wayar da ke aljihunsa ta fi masa wannan kyamara nesa ba kusa ba. Ranarta tana zuwa ne inda hannuwa biyu suke cikin aiki, inda akwai jijjiga da ƙura da yiwuwar faɗuwa. Mahayin da ke riƙe da linzami ya cika waɗannan sharuɗɗa duka.

Da ya shiga kasuwa, mai shago na farko ya ajiye masa kwali mai ɗauke da hoton wani Bature yana tsalle daga dutse.

"Yallaɓai, wannan ma 4K ce, irin aikinsu ɗaya da babbar. Ga kaya hamsin a ciki, duk kyauta."

Aikin akanta shi ne ƙin yarda da lamba sai an ga inda ta fito. Hoton 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato ɗigo miliyan takwas da 'yan kai, ninki huɗu na hoton 1080. Amma kyamara tana iya ɗaukar ƙaramin hoto ta buɗa shi da lissafi, ta cike gurabe da ɗigon da ta ƙirƙira, sannan ta fitar da fayil mai girman 4K. Lambar ta cika, amma ba a ƙara ganin komai ba, kamar a tsinka fura da ruwa don ta cika ƙwarya. Wasu kuma suna ɗaukar 4K ɗin da gaske amma da hotuna kaɗan a daƙiƙa, sai motsi ya riƙa tsinkewa. Gwajin ba shi da wuya. A kafa shafin jarida a bango, a ɗauke shi daga wuri ɗaya a 1080 sannan a 4K, a buɗe su a kwamfuta a ƙara girmansu. In ƙananan baƙaƙen da ba su karantu a na farko ba sun ƙi karantuwa a na biyu, to 4K ɗin na kwali ne.

Ko da 4K ɗin na gaske ne, ba shi ne ke raba bidiyon da za a iya kallo da wanda ke sa jiri ba. Hana girgiza ne ke raba su. A cikin kyamara mai kyau akwai wata 'yar na'ura mai auna juyi da karkata sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Kyamarar tana ɗaukar hoto mai faɗi fiye da wanda za ta nuna, sai ta riƙa zame tagar hoton a cikin wannan rara, tana saɓa wa kowace jijjiga. Wannan aiki yana buƙatar ƙwaƙwalwa mai ƙarfi da manhajar da aka ɓata shekaru ana gyarawa, kuma nan ne masu araha suke tsimin kuɗi. GoPro ta kai ga gaci a wannan fanni a 2018 da HERO7 Black da tsarin da ta kira HyperSmooth, DJI ta mayar da martani a 2019 da Osmo Action da nata RockSteady. Yawancin masu arahar suna da wani abu mai kama da haka, amma sau da yawa yana kashe kansa da zarar an zaɓi hoto mafi girma, ko kuma ya sa gefen hoto ya riƙa rawa kamar ana kallo ta cikin ruwa. Tafiyar doki kuwa jijjiga ce tun daga taku har sukuwa. Akantan ya roƙi izini, ya riƙe kyamarar a ƙirji, ya sauka matakalar shagon da gudu ya hawo, sannan ya kalli abin da ta ɗauka. Daƙiƙa goma suka ishe shi ya mayar da kwalin.

Akwai wata iyaka da kuɗi kaɗan ba ya tsallake ta, kuma gara mai saye ya san da ita tun a shago. Farantin da ke karɓar haske a cikin waɗannan kyamarori bai kai farcen ɗan yatsa ba. Da rana tsaka ko mai arahar tana iya ba da hoto mai kyau. Da zarar rana ta yi sanyi sai kyamara ta ƙara tsawon lokacin da take buɗe ido ga kowane hoto, motsi ya shafe, hana girgizar ma ta rikice, hoto ya cika da tsaki-tsaki. Manyan na baya-bayan nan sun rage matsalar da faranti mafi girma, irin wanda DJI ta sa a Osmo Action 4 a 2023, amma wannan ya fi ƙarfin aljihun da ake magana a kai. Hawan da zai kai magariba, sai a sa rai da rabinsa na farko.

A nan ne zaɓin ya rabu biyu: sabuwa mai araha, ko tsohuwar babba ta hannu. Sabuwar tana zuwa da batir biyu lafiyayyu, da kwanson ruwa, da tarin maƙalai, kuma babu wanda ya taɓa yar da ita. Ga malamin da zai kafa ta a kusurwar aji, ko manomin da zai ɗauki yadda shuka ke tashi, ko yaron da ake so ya koyi ɗauka ba tare da fargabar asara ba, ta wadatar. Ta hannun kuwa tana da hana girgiza na gaske da sauti mafi kyau, amma tana zuwa da tarihin da mai sayarwa ba lallai ya faɗa ba. Ana samun irinta a kasuwannin waya da kayan lantarki, kamar Farm Centre a Kano da Banex a Abuja, da kuma a Jiji. Akantan ya karkata ga HERO7 Black, ya kuma tafi da jerin abubuwan dubawa a takarda. Ya cire batir ya kwantar da shi a kan tebur don ya ga ko ya kumbura. Ya duba robar da ke zagaye da ƙofofi. Ya ɗauki farin bango don tabon madubi ya bayyana, ko da yake murfin madubin wannan samfuri ana iya murɗe shi a sauya. Ya tabbatar firam ɗinta yana nan, domin ba ta maƙaluwa a komai sai da shi. Daga ƙarshe ya kunna ta ya ajiye.

"Malam, a ba ni minti ashirin. In ba ta tsaya da kanta ba, mun yi ciniki."

Tun kafin ya fito daga gida ya raba kuɗinsa uku, kashi biyu na kyamara, kashi ɗaya na abin da zai sa ta yi aiki. Wanda ya zuba duka a kan kyamara zai koma gida da akwatin da ba shi da inda zai ajiye hoto. Abu na farko a cikin kason nan shi ne katin ajiya, kuma a nan ne arha ba ta ado. Bidiyon da ke zuba megabit 60 a daƙiƙa yana cin megabayit bakwai da rabi, tunda bit takwas ne bayit ɗaya. A awa guda ya cinye gigabayit 27, wato kati mai 128 zai ɗauki sama da awa huɗu. Girma kaɗai bai isa ba, sai katin ya iya rubutawa da sauri ba tare da numfasawa ba. Alamar V30 ko U3 a jikinsa tana nufin ba zai gaza megabayit 30 a daƙiƙa ba, alhali tsohuwar alamar 10 a cikin da'ira megabayit 10 kawai ta lamunta. Kati mai nawa yana sa kyamara ta tsaya ko ta daskare, mai ita ya ɗora mata laifin da ba nata ba.

Katin jabu ya fi wannan muni, domin ba ya nuna alama sai aikin gama ya gama. An sauya masa bayani ne yana cewa shi 128 ne alhali cikinsa bai wuce 16 ba. Idan ya cika sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa, ko yana rubutawa a kan na baya. Sunayen fayiloli za su jeru lafiya lau, sai an zo buɗewa a tarar da kango. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw wadda ke cika kati taf da bayanai sannan ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Tana ɗaukar awa ɗaya ko biyu. Akantan ya kunna ta bayan tarawihi, kafin ya kwanta ta ba shi amsa, kuma sai da ya ga amsar sannan ya yar da rasit.

Na biyu shi ne wuta da zafi, waɗanda a ƙasar Hausa abu ɗaya ne. Batirin HERO7 Black, ko yana sabo, tsakanin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake yi, hawa kuwa daga shiri zuwa sauka yana cin rabin yini. Mai ƙafa yana iya tsayawa ya sauya batir, amma mahayi a tsakiyar tawaga ba shi da wannan dama. Mafita ita ce ƙaramin bankin caji a aljihun ciki, da gajeriyar waya zuwa kyamarar. Sai dai caji yana ƙara zafi, kuma iyakar zafin da kamfanonin ke rubutawa tana tsayawa ne tsakanin digiri 35 da 45, alhali a 'yan shekarun nan ƙaramar sallah tana faɗowa cikin Maris da Afrilu, lokacin da arewa ke kaiwa digiri 40. Kyamarar da ta ɗumama tana kashe kanta don ta tsira. Wasu suna cire batirin su bar ta a kan bankin caji kaɗai, abin da ke rage zafi, amma in waya ta zare sau ɗaya fayil ɗin da ake ɗauka yana iya lalacewa. Akantan ya zaɓi barin batirin a ciki, ya rage wa kyamarar aiki ta wata hanya: ya sauko da ita daga 4K zuwa 1080, ya kashe Wi-Fi da GPS, ya sa allonta ya riƙa mutuwa bayan minti ɗaya. Ya sayi 4K na gaske, ya kuma ƙi amfani da shi, saboda cikakken hawa a 1080 ya fi masa rabin hawa a 4K.

Ya kuma sauya wani saiti da mutane da yawa ba sa lura da shi. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma kyamarori da yawa suna fitowa a saitin Amurka, hotuna 30 ko 60 a daƙiƙa. A fili da rana babu bambanci, amma a ƙarƙashin wasu fitilu sai hoto ya riƙa ƙyaftawa. Ya mayar da ita hotuna 50 a daƙiƙa, adadin da ya dace da wutar gida, kuma yake ba da damar rage gudun sukuwa zuwa rabi ba tare da tsinkewa ba.

Na uku shi ne maƙali. Tsarin 'yan yatsun roba masu shiga juna da GoPro ta fito da shi ya zama na kowa, saboda haka maƙalin wani kamfani yana hawa kyamarar wani. Wannan ne ya sa jakar kaya hamsin take da arha, kuma ya sa ba ta da amfani sosai, domin arba'in da biyar daga ciki ba za a taɓa su ba, biyar ɗin da za a taɓa kuma robarsu tana tsagewa. Ya sayi abu uku kawai: ɗamarar ƙirji mai kauri, da 'yar igiya da za ta riƙe kyamarar in maƙali ya karye, da soson da ake sanya mata don rage hucin iska. Ɗaurin goshi bai shiga lissafi ba, tunda rawani ya riga ya kama wurin, kuma kai yana waige-waige fiye da ƙirji. Kwanson ruwa ma ya bar shi. Masu araha ba sa shiga ruwa sai da shi, kuma yana toshe sauti ya tara zafi, alhali manyan GoPro tun daga HERO5 Black ta 2016 suna jure zurfin mita 10 da jikinsu. Hawan da ba a ji kakaki da tambari da ƙarar bindigogi a cikinsa ba, an rasa rabinsa.

Ranar Asabar ta ƙarshe a azumi ya tafi Zariya don gwaji, kuma a nan ne matsalolin da babu su a kowane kwali suka fito. Ƙanin ya kalli baƙar ɗamarar ya girgiza kai.

"Yaya, wannan a kan rigar sallah? Ai sai a yi mini dariya a ƙofar fada."

Aka sanya ɗamarar a ƙarƙashin babbar riga, kyamarar ta leƙo ta wuyan rigar. Kilisar farko ta nuna cewa mahayi yana sunkuyawa gaba in doki ya ɗauki gudu, sai hoto ya koma wuyan doki da ƙasa, don haka aka ɗaga hancin kyamarar sama kaɗan. Ta biyu ta nuna hannun riga yana faɗowa a kan madubi duk lokacin da aka ja linzami, aka naɗe shi a kafaɗa aka kama da fil. Tsohon yana zaune a kan buzu yana kallonsu, bai ce komai ba sai da aka nemi izininsa.

"In dai ba za ta firgita doki ba, ku yi."

Aka kashe ƙarar da take yi da jar fitilar da ke ƙyaftawa a gabanta. Aka kuma sanar da hakimi ta bakin tsohon, domin madubi mai faɗin gani yana kwasar fuskoki da maganganun mutanen da ba su san ana ɗauka ba, kuma tawaga tana da sirrinta.

A ranar hawa kyamarar ta yi kusan awa biyu kafin zafi ya kashe ta, kuma ƙanin bai lura ba sai bayan kusan rabin awa, saboda an riga an kashe duk abin da zai sanar da shi. Wannan giɓi yana nan, babu abin da zai cike shi. A lokacin jafi ma fil ya kwance, hannun riga ya rufe rabin hoton. Abin da aka samu dai shi ne fitowa daga gida, da addu'ar da tsohon ya yi kafin ya sa ƙafa a likkafa, da doguwar tafiya a bayansa cikin ƙura, da wani wuri da ya waiwayo ya ce wa ɗansa ya gyara zama.

Aikin ƙarshe shi ne wanda ake yawan sakaci da shi bayan an huta. Kyamarar tana yanka dogon bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace kimanin gigabayit huɗu, kuma wanda bai sani ba yana iya kwafe ta farko ya zaci ya kwashe duka. Katin ajiya wurin wucewa ne, ƙanƙantarsa ta sa ɓacewarsa ba wuya. A daren ranar akantan ya kwafe fayilolin duka a kwamfuta, ya sake kwafe su a wata ma'ajiya ta daban, ya buɗe kowanne ya tabbatar yana tafiya har ƙarshe, sannan ya ba yayarsu ma'ajiyar ta biyu ta ajiye a gidanta. 'Yan uwa na nesa sun matsa a turo musu ta WhatsApp, wanda ke matse bidiyo har zanen da ke jikin alkyabba ya shafe. Ya yanko musu minti uku ya aika a matsayin fayil don kada a matse shi, cikakken kuwa ya ce duk mai so ya zo da ma'ajiyarsa.